Haraji, Albashi da Yajin Aiki: Waiwaye kan Takaddamar Gwamnatin Kaduna da Ƙungiyoyin Ma'aikata, 2015 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala tana duba takaddamar da ta gudana tsakanin gwamnatin Jihar Kaduna a ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i da ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati, tana kuma auna ta da ma'aunin haraji. Abin da take son tabbatarwa shi ne gwamnatin ta gano ciwon jihar, ta kuma yi abin yabo wajen tara kuɗin shiga, amma lissafin da ta kafa hujjar sallamar ma'aikata da shi bai cika ba, domin ya bar harajin cikin gida da bashi a waje. Su kuwa ƙungiyoyin, sun tsaya kare kujerar ma'aikaci, suka yi sakaci da aikin da ke kan kujerar. Mai biyan haraji, wanda kowane ɓangare ke cewa dominsa yake faɗa, ba a ba shi wurin zama a tattaunawar ba.

Gabatarwa



Duk inda aka ambaci mulkin El-Rufa'i a Kaduna, nan take zaure ke rabuwa biyu. Wani zai nuna maka gadar Kawo da faffaɗan titunan cikin gari, ya ce ga gwamnan da ya yi aiki. Wani kuma zai kawo maka labarin malamin firamare da ya wayi gari da takardar sallama, ko ɗan kasuwar da aka rushe masa rumfa a Kasuwar Barci, ya ce ga gwamnan da bai san tausayi ba. Muhawarar takan ƙare a kan halin mutum ɗaya: jarumi ne ko mai taurin kai. A ganina hali ba ya isa ya bayyana abin da ya faru. Gwamna ya tafi tun 29 ga Mayun 2023, amma tambayar da ta haddasa rikicin tana nan a gaban kowane gwamna a Arewa: kuɗin wa ake biyan albashi da shi, kuma wa ke da ikon cewa ma'aikata sun yi yawa?

Igiyar da ta tsinke tsakanin haraji da albashi

Kafin a fahimci takaddamar Kaduna, sai an koma baya. A zamanin Turawa, lokacin da aka fara kafa baitulmalin En'e a Katsina a mulkin Sarki Muhammadu Dikko, aka kuma yanka wa hakimai da alƙalai da ma'aikata albashi, talaka ya san sarai daga ina albashin nan ke fitowa. Daga kuɗin ƙasar da mai unguwa ya karɓa a hannunsa ne, da jangalin da aka ƙirga a kan shanun Bafulatani. Tsarin yana cike da zalunci, shi ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta mai da shi babban abin yaƙinta tun daga 1950. Duk da haka akwai igiya a fili tsakanin aljihun talaka da albashin ma'aikaci, kuma saboda igiyar ce talaka ke jin yana da bakin magana.

Kuɗin man fetur ne ya fara sassauta igiyar. Ƙarin albashin Udoji na 1974 bai fito daga gonar kowa ba. Da jam'iyyar PRP ta karɓi mulki a 1979, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, da Alhaji Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Gwamnatin Rimi ce kuma ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Wato a wancan zamani gwamna ɗaya yana iya zama masoyin talaka kuma masoyin ɗan ƙwadago a lokaci guda, saboda Legas, daga baya Abuja, ke biyan kuɗin soyayyar duka biyu.

Sai kuma wani abu da ya keɓanta da Kaduna. Gari ne na ma'aikata. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da dubban leburori masu karɓar albashi. A cikin masaƙun nan Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, jihar ta yi asarar abu biyu a tare: ayyukan da ba na gwamnati ba, da harajin albashin da ake cira daga waɗannan ayyuka. Aikin gwamnati ya zama kusan shi kaɗai ne albashi tabbatacce. 'Yan siyasa suka mai da takardar ɗaukar aiki ladar kamfe, musamman a ƙananan hukumomi da makarantun firamare, inda ba a cika sa ido ba. Wannan shi ne gadon da gwamnatin 2015 ta tarar, a daidai lokacin da farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da tarayya ta kai musu ɗauki.

Abin da gwamnatin ta gyara

Adalci ne a fara da abin da aka yi daidai. A 2015 gwamnatin ta rage ma'aikatu daga 19 zuwa 13. Kaduna ce jiha ta farko da ta koma asusun bai-ɗaya, ta rufe ɗaruruwan asusun da ma'aikatu suka warwatsa a bankuna. A 2016 aka yi dokar da ta tattara harajin jiha da na ƙananan hukumomi a kundi ɗaya, ta kafa hukumar haraji ta KADIRS, ta kuma haramta karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Aka sabunta dokar a 2020. Aka kafa KADGIS don rajistar filaye. Duk wanda ya san yadda 'yan kamasho ke yawo da rasit iri-iri a tasha da kasuwa, kuɗin kuma ya ƙare a aljihu, ya san wannan ba ƙaramin gyara ba ne. Kuɗin shiga na cikin gida ya tashi daga kimanin naira biliyan 13 a 2015 zuwa biliyan 44.9 a 2019, da biliyan 50.7 a 2020, shekarar da annobar korona ta tsayar da kasuwanni.

Kaduna ce kuma jiha ta farko da ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, a watan Satumban 2019, watanni kaɗan bayan an sa hannu a dokar. Masu sukar gwamnan kan tsallake wannan, bai kuwa kamata ba.

Amma tara haraji yana da sharaɗi da ke biye da shi. Ranar da gwamnati ta ce wa kowane baligi ya biya naira 1,000 ta raya ƙasa a shekara, kamar yadda hukumar harajin jihar ta sanar za a fara daga 2021, ranar ta sake ɗaura igiyar da Balarabe Musa ya kwance. Mai shago da ke biyan kuɗin rumfa, da mai gida da ke biyan kuɗin fili, da uban da aka ninka wa kuɗin makarantar ɗansa a Jami'ar Jihar Kaduna a 2021 har mafi ƙanƙanta ya kai naira 150,000, duk sun zama masu hannun jari a gwamnati. Mai hannun jari kuwa ana yi masa bayani, ana kuma neman ra'ayinsa. A nan nake ganin gwamnatin ta karɓi rabin tsarin ta bar rabi.

Jarrabawar malamai

A 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Gwamnati ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000. Ta kuma baza wasu takardun amsoshin a kafafen sada zumunta. Wanda duk ya ga takardun nan ya san akwai matsala ta gaske. Akwai mutanen da ba su iya rubuta jimla ba, an danƙa musu 'ya'yan talakawa. Manyan jami'an gwamnati da manyan 'yan ƙwadago ba a irin waɗannan makarantu 'ya'yan yawancinsu suke ba. Ɗan manomin Giwa da na Kauru ne ke zaune a gaban malamin. Ban ga yadda mai kishin ilimi zai ce a ƙyale abin haka ba.

Ƙungiyar malamai ta NUT ta kawo hujjoji uku: makin da aka yi yarjejeniya a kai bai kai 75 ba, hukumar rajistar malamai ta ƙasa ce ke da hurumin tantance malami, sannan ya kamata a horar da mutane kafin a kore su. Ta je kotun ma'aikata, wadda ta ba da umarnin a dakata a Disamban 2017. Ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, NLC ta yi zanga-zanga a Kaduna, amma cikin kwana goma yajin ya watse, sallamar kuma ta tabbata. Shugaba Muhammadu Buhari ma ya goyi bayan gwamnan.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ba da darasi. Cikin sababbin malaman da aka ɗauka, sai da gwamnati da kanta ta sake sallamar fiye da 4,000 a 2018 saboda ba su cancanta ba. A 2022 aka kuma korar 2,357, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Titus Amba, mafi yawansu saboda sun ƙi zama sabuwar jarrabawa. Idan an kori mutum 21,780 aka kuma samu irinsu a cikin waɗanda suka maye gurbinsu, to ciwon ya wuce mutanen da aka kora. Yana cikin kwalejojin da ke ba da takardar shaidar malanta, da ofisoshin da ke ɗaukar aiki, da albashin da ba ya jawo haziƙi zuwa ƙauye. Ba a ji an hukunta waɗanda suka ɗauki marasa cancantar tun farko da irin zafin da aka hukunta malaman ba. Kuma a tsakanin tafiyar tsofaffi da zuwan sababbi, azuzuwa da yawa a karkara sun zauna babu kowa a gaban allo. Wannan asara ba ta shiga lissafin kowa ba, domin yaron da ya rasa zangon karatu ba shi da ƙungiya.

Akwai kuma batun hurumi, wanda masu muhawara kan wuce da sauri. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada. A 2017 ƙananan hukumomin Kaduna 23 suna hannun kantomomin da gwamna ya naɗa. Sai a 2018 aka yi zaɓe. A shekarar 2017 ɗin ce kuma aka rage gundumomi daga 390 zuwa 77, hakimai 313 da dagatai fiye da 4,000 suka sauka, da hujjar cewa ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar albashinsu ba. Wato an yanke manyan hukunce-hukunce a kan kuɗin ƙananan hukumomi a lokacin da babu zaɓaɓɓen kansila ko ɗaya da zai ce uffan a madadin mazaɓarsa.

Mayun 2021 da lissafin da bai cika ba

A Afrilun 2021 aka raba wa dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi takardun sallama, gwamnati kuma ta sanar cewa ragin zai shafi ma'aikatan jiha da masu muƙaman siyasa. Ta fito da alƙaluma. A Nuwamban 2020, in ji ta, ta karɓi naira biliyan 4.83 daga asusun tarayya, ta biya albashin biliyan 4.66. A Maris ɗin 2021 ta karɓi biliyan 4.8, albashi ya cinye kusan biliyan 4.5. A cikin wata shida, abin da ma'aikata ke ɗauka ya kama daga kashi 85 zuwa kusan 97 cikin ɗari na kason tarayya. Hujjarta ita ce ba don biyan albashi kaɗai aka zaɓe ta ba, kuma bai dace mutanen da ba su kai 100,000 ba su lashe rabon mutum kusan miliyan tara.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta shiga kunnen jama'a. Amma a duba abin da aka raba da abin da aka raba shi da shi. An auna albashi da kason tarayya kaɗai. Ina harajin cikin gida, wanda gwamnatin ke alfahari da shi a kowane taron masu zuba jari? Biliyan 50.7 a shekara, idan aka raba shi wata goma sha biyu, ya haura biliyan 4 a wata, kusan daidai da abin da ke zuwa daga Abuja. Idan aka haɗa biyun, albashi ya koma kusan rabin kuɗin shiga. Gaskiya ne cewa ba kowane wata kuɗin cikin gida ke shigowa daidai ba, kuma a cikinsa akwai kuɗin filaye da na makarantu da asibitoci. Gaskiya ne kuma rabi ma nauyi ne ga jihar da ke neman hanyoyi da ruwan sha. Amma tsakanin "albashi na cinye kashi 90" da "albashi na cinye rabi" akwai tazarar da ta isa ta sauya irin maganin da za a ba da. Na farko yana kiran tiyatar gaggawa. Na biyu yana ba da damar a dakatar da ɗaukar sababbi, a bar masu ritaya su tafi ba tare da an maye gurbinsu duka ba, a tsefe ma'aikatan bogi, a mayar da masu zaman banza a sakatariya zuwa inda ake da giɓi.

Giɓi na biyu a lissafin gwamnatin, alƙaluman na kason jiha ne, alhali waɗanda aka fara sallama ma'aikatan ƙananan hukumomi ne, masu cin albashi daga wani kaso dabam. Na uku, ma'aikaci ba kashe kuɗi kaɗai ba ne. A kusan kowace jiha ta Nijeriya, harajin albashi ne kaso mafi tsoka a kuɗin shiga na haraji, saboda shi ake cirewa tun kafin kuɗi ya shiga hannu. Ma'aikacin gwamnati na cikin 'yan ƙalilan da ba su da hanyar zille wa haraji. Albashinsa kuma ba a gidansa yake kwana ba. A ƙauyukanmu, ma'aikaci ɗaya ke ɗauke da iyaye da ƙanne da marayun dangi, shi ne mai shago ke ba bashi har ƙarshen wata. Don haka raba jama'a gida biyu, ma'aikata a nan, talakawa miliyan tara a can, bai yi daidai da yadda ake rayuwa a Kaduna ba.

NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba ta kira yajin aikin gargaɗi na kwana biyar daga Litinin 17 ga Mayu. Wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya, filin jirgin sama da bankuna da asibitocin gwamnati suka rufe. Ranar Talata gwamna ya ayyana Wabba a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo bisa zargin yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, ya kuma ba da umarnin korar ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da mataki na 14 da suka shiga yajin. A ranar ce 'yan daba suka far wa masu zanga-zanga a shataletalen NEPA. Ranar Laraba aka janye yajin bayan Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya kira ɓangarorin zuwa Abuja. Aka yi zama, aka amince a kafa kwamiti, daga baya gwamnatin jihar ta kafa nata kwamitin shari'a don binciken yajin. Ma'aikatan da aka sallama dai ba su koma ba.

Ayyana shugaban ƙwadago a matsayin mai laifi kuskure ne babba. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin shiga ƙungiya, harkar ƙwadago tana cikin jerin ikon tarayya, kotun ma'aikata kuma tana nan don irin wannan saɓani. Dokar ƙwadago a sashe na 20 ta shimfiɗa yadda ake rage ma'aikata: a sanar da ƙungiya dalili da adadi, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwazo, a tattauna haƙƙin sallama. Lauyoyi na iya jayayya a kan ko dokar ta shafi kowane rukuni na ma'aikatan gwamnati, amma hikimar da ke cikinta ta shafi kowa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana aiki, ko da aikin nasa ya zama babu buƙatarsa, ya cancanci a faɗa masa tun da wuri, a kuma sa masa haƙƙinsa a hannu ranar da zai tafi. Ƙorafin jinkirin biyan giratuti da fansho ya fi komai ɓata sunan gyaran a idon jama'a.

Laifin ƙungiyoyin

Ina goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, kuma saboda haka nake ganin wajibi ne a faɗa musu gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shekara da shekaru NUT tana karɓar kuɗin ƙungiya daga malaman da ta san ba su iya koyarwa ba, ba a ji ta tsayar da aiki don a gyara hanyar ɗaukar malamai ba. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta san sakatariyoyin da ba a cika su sai ranar da albashi ya shigo. Da su suka fara fito da nasu tsarin tantancewa, da sun shiga ɗakin tattaunawa da abin da za su ajiye a tebur. Sun jira har aka zo da wuƙa, sannan suka ce a yi horo.

Yajin 2021 kuma ya nuna ƙarfi, amma a jikin wa? Gidan gwamnati yana da janareta. Wanda ya kwana a duhu shi ne mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara, wanda aka mayar daga ƙofar asibiti ita ce mai naƙuda da ba ta da kuɗin asibitin kuɗi. Waɗannan su ne masu biyan harajin da ya kamata ƙungiya ta jawo su gefenta. Babu wata sanarwar ƙwadago da ta yi fice a kan rusau a kasuwanni ko nauyin haraji a kan ƙananan 'yan kasuwa kamar yadda ta yi fice a kan albashi. Da wuya wanda ba ka tsaya masa ba ya tsaya maka.

Batun kuɗin ƙungiya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 2016 gwamnatin Kaduna ta nemi kowane ma'aikaci ya bayyana a rubuce ko yana son zama ɗan ƙungiya, kafin a ci gaba da cire masa kuɗi daga albashi, tana dogaro da gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 da ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne. Irin wannan mataki Gwamna Scott Walker ya ɗauka a Jihar Wiskonsin ta Amurka a 2011, inda dokarsa ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ta kuma taƙaita ikon yawancin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati na yin ciniki. Aka yi masa zaɓen kiranye a 2012 ya tsallake. Bambancin shi ne a can, kaso mai yawa na kuɗin makarantu daga harajin gidajen mazauna yankin yake fitowa, don haka mai gida yana ganin alaƙar takardar harajinsa da albashin malami, ya kuma yanke hukunci da ƙuri'arsa, ko ya goyi baya ko ya ƙi. A Kaduna babu takardar da ke nuna wa mai rumfa a Kafanchan nawa aka tara a ƙaramar hukumarsa, nawa ya tafi makarantar unguwarsu. Muhawarar ta zama ta gwamna da shugabannin ƙungiya kaɗai, sauran jama'a 'yan kallo.

Bashin da ba a sa a ma'auni ba

Abu na ƙarshe da lissafin 2021 ya bari a waje shi ne bashi. Gwamnatin ta nemi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa a 2018 bayan sanatocin jihar uku sun yi adawa, sannan aka amince a 2020. A ƙarshen Maris ɗin 2024 Gwamna Uba Sani, wanda a lokacin jam'iyyarsu ɗaya da El-Rufa'i, shi kuma ya mara masa baya, ya shaida wa taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115, kuma daga biliyan 10 da jihar ta samu a watan, biliyan 7 sun tafi biyan bashi, abin da ya rage bai isa albashin biliyan 5.2 ba. Majalisar dokokin jihar ta yi bincike ta fito da zarge-zarge, tsohon gwamnan ya musanta ya kuma garzaya kotu. Wannan maƙala ba ta yanke hukunci a kansu.

Cin bashi don gina hanya ba laifi ba ne, kuma faɗuwar darajar naira, daga ƙasa da 400 a kan dala lokacin da aka ci yawancin bashin zuwa sama da 1,000 a 2024, ba gwamnan jiha ya jawo ta ba. Abin lura shi ne ma'aunin. An sallami ma'aikata saboda suna cinye kason tarayya, bayan shekara uku sai ga bashi yana cinye kashi 70 na kason a wata guda. Albashi ana iya zama a tattauna shi, a rage, a jinkirta. Bashin waje tun daga Abuja ake cire shi kafin kuɗi ya iso Kaduna, babu ƙungiyar da za a kira a roƙa. Da an shimfiɗa wa jama'a dukkan lissafin a 2021, albashi da haraji da bashi a shafi ɗaya, da tambayar ta zama wace hanya za a jinkirta, wane ofishi za a rufe, wane ma'aikaci za a sallama da haƙƙinsa, maimakon a ɗora wa rukuni ɗaya dukkan nauyin.

Abin da ke gaban jihohi yanzu

Abubuwa uku sun sauya filin tun bayan 2023. A 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. A watan ne aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A Yunin 2025 kuma aka sa hannu a sababbin dokokin haraji da suka yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Ma'anar haka ita ce albashi ya hau, harajin da jiha ke cira daga ƙananan ma'aikata ya ragu, ikon gwamna a kan kuɗin malaman firamare kuma ya shiga tababa. Jihar da ke neman cike giɓi za ta waiwayi gidaje da filaye da kasuwanni, wato aljihun mutanen da ba a gayyata ba a 2017 da 2021.

Shawarata ga majalisun dokokin jihohi ita ce su yi doka mai sassa biyu. Sashe na farko ya wajabta wa hukumar haraji da ma'aikatar kuɗi su riƙa wallafa, duk wata uku, da Hausa da sauran harsunan jihar, a rediyo da allon kowace sakatariya, abin da aka tara a kowace ƙaramar hukuma, da abin da ya zo daga tarayya, da abin da ya tafi albashi, da abin da aka cire na bashi. Sashe na biyu ya hana duk wata sallamar da ta haura wani adadi sai an yi zaman sauraron jama'a a majalisa, inda ƙungiyar ma'aikata za ta zauna, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin iyayen yara na makarantu su ma su zauna, sannan a nuna shaidar cewa kuɗin giratutin waɗanda za a sallama yana cikin asusu kafin a buga takarda ko ɗaya.